Akurkin da zai fitar da tsuntsu daga sanyin Ɗa'ifa

Mutanenmu na Makka da Jidda ba su san sanyi ba sai sun hau Ɗa'ifa. Garin yana kan tudun da ya kai kusan mita 1,800, Shafa kuwa, wani ƙauye da ke kusa da shi, ta haura mita 2,000, ga hazo da daddare. Da zarar Murabba'aniyya ta kama, wato kwana 40 ɗin da Larabawa ke ƙirgawa daga wajen 7 ga Disamba, kusan duk aikin da muke yi a shagonmu na kafinta na tsuntsaye ne: ɗakin tattabaru na saman soro, akwatin kwanan gwara, da mazubin hatsi.

Zafin jikin tsuntsu yana kai wa digiri 41, kuma gashinsa shi ne bargonsa. In ka ga ya hura gashi ya yi dunƙule, ɗumi yake tsarewa. Sanyi shi kaɗai bai cika kashe shi ba. Abin da ke kayar da shi shi ne iska mai ratsa ɗaki, da laima, da kwana da yunwa, don abin da ya ci da yamma shi yake ƙonawa har asuba.

Shi ya sa muke aiki da falankin da ke jure ruwa, mai kaurin milimita 18, mu ɗaure da sukuru. Ƙofa ba ta kallon arewa, don daga can iskar sanyi take zuwa. Rufi yana da gangare, yana zarce bango da santimita 10, ɗakin kuma a ɗage yake daga daɓe don kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa. Gurbin tattabara biyu, mace da namiji, muna ba shi faɗin santimita 60 da zurfin 40. A can sama ƙarƙashin rufi muna barin 'yar kafa da raga. Masu saye da yawa suna cewa a toshe ta, ba ma yarda. Numfashi da kashin tsuntsu suna ta da danshi, in bai sami mafita ba sai ya jiƙa gashi, mura ta biyo baya. Akwatin gwara kuwa raminsa milimita 32 ne, kuma na kwanan sanyi a ƙasa muke huda shi, don ɗumi sama yake taruwa. A rataye shi sama da mita biyu saboda kyanwa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo. Su sami katakon nan na garin zarto da aka matse, su harba masa 'yan ƙusoshi, su shafe shi da fenti ciki da waje. Sai mutum ya zo yana ta ciniki, wai ya ga irinsa a rabin kuɗi. Ba irinsa ba ne, Alhaji. Ruwa ɗaya zai sha ya kumbura kamar burodi, gindin ya zube da ƙwai a ciki. Mu ba ma fentin ciki sam, kuma ƙasan akwatinmu yana da ramuka huɗu na tsiyayar ruwa.

Tattabara tana cin kusan giram 30 a yini. A sanyi a ƙara mata masara a kan gero da dawa da alkama, a ba da kaso mafi yawa bayan la'asar. Ƙananan tsuntsaye a zuba musu gero da dakakkiyar gyaɗa marar gishiri. Ragowar shinkafa mai maiƙo da yaji ba abincinsu ba ce. Hatsin da ya yi fumfuna a zubar da shi, yana sa musu ciwon huhu. Ruwa kuma a canza kowace safiya, don wanka ne ke sa gashi ya riƙe ɗumi.

Don Allah kada a sa musu kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar gubar gawayi ba ta da wari, kuma tana kashe tsuntsu kafin mutum ya ji ko ciwon kai. Busasshiyar ciyawa a gurbi, da buhu a ɗaure ta ɓangaren arewa, sun wadatar.