Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sallar da Rula Ta Lanƙwashe

A makon jiya mun tsaya a inda na karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfina a azumin 2022, wanda ya faɗo a tsakiyar zafin Afrilu. Duk telan da ya ce maka bai taɓa wannan kwaɗayin ba, to bai daɗe a sana'ar ba. Shadda ta cika shagona na Fagge har kan benci, yarana uku ne kacal, wuta kuwa sai an ga dama a kawo. Daga an sha ruwa nake hawa keke, ba na sauka sai sahur.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne abin da ke riƙe da ni. Tun kafin azumi gwiwa da ƙugu suka matsa mini, sai wani mai kemis a unguwarmu ya riƙa ƙulla mini haɗi a 'yar leda, ƙwaya huɗu, a ciki akwai wata 'yar mitsitsiya. Ita ce deksametason, wadda ake ce wa deksa, irin wadda wasu 'yan mata ke sha don su yi jiki, har ake mata kirari da sha-ka-fashe. Ni a lokacin ban san sunanta ba, aikinta kawai na sani. Ciwo ya ɗauke, barci ya ƙaura, ci ya buɗe. Kumatuna suka ciko, maƙwabta na tsokanata: "Tela, kai azumin nan ya karɓe ka." Wajen wata biyu ina sha kullum.

Daren ashirin da huɗu ga wata, babban yarona ya ja layin aljihu da alli a kan wata baƙar shadda ya miƙo mini. Ina dubawa na ga layin ya yi ciki a tsakiya.

"Kai, wannan wane irin layi ne kamar sawun maciji?"

"Wallahi Oga da rula na ja."

Na fizge rular na ɗora da kaina don in ƙure shi. Sai na ga rular ma ta lanƙwashe. Rular ƙarfe. Na rufe idon dama, komai ya miƙe sambal. Na rufe na hagu, sai ga wani tabo a tsakiyar duk abin da na kalla, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan gilashi. Fuskar yaron ta ƙanƙance, ta yi nisa. Launi ma ya dusashe: zaren da na san ruwan ƙwai ne ya koma kamar ya sha wanki. Ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi, ba hawaye. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro, don da apolo ce na san maganinta. Yaron dai har yau ban ba shi haƙuri yadda ya kamata ba.

Da Hajiya ta ji, ba ta tsaya dogon bincike ba. "Baki ne. Kowa ya ga shagonka ya cika." Aka yi tofi, aka kawo kwalli daga wajen wata 'yar uwarta da ta dawo daga Umara. Mai kemis shi kuma ya ba ni maganin ɗigawa. Haka na lallaɓa na gama ɗinkin Sallah da ido ɗaya, yara na ja mini layi, su zaɓa mini zare.

Sai bayan Sallah da mako guda na je asibitin ido. Aka sa na karanta haruffa, na hagu ya sauka har ƙasa, na dama ya tsaya a rabi. Aka ɗiga mini maganin da ke buɗe baƙin ido, na zauna ina jira har hasken taga ya fara sukata. Sannan aka kai ni gaban wata na'urar ɗaukar hoton cikin ido da suke kira OCT, na ɗora haɓa, na kalli wani ɗan haske. Ko minti biyar ba a yi ba aka gama.

Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta tambayi sana'ata, da na ce tela sai ta juyo da allon kwamfutar wajena.

"To Malam, ai za ka fi kowa ganewa. Ka ɗauka ido riga ce mai hawa uku. Na waje shi ne farin ido, yadi mai kauri. Na can ciki shi ne majigin da hoto ke sauka a kai, siriri ƙwarai. A tsakaninsu akwai shafi, sunansa koroid. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma kusan duk jijiyoyin jini ne, shi yake ciyar da majigin ta baya. Naka ya kumbura yana tsattsafo da ruwa, ruwan ya taru ya ɗaga majigin daidai wurin da ake zura zare a allura da shi."

Na duba. Hoton kamar gam ɗin kwala idan guga bai kama ba, ya tashi ya yi bororo a tsakiya. Majigi ya lanƙwashe, dole layi ya lanƙwashe.

"Kana shan wani magani?"

Na zaro ledar haɗin da kwalbar ɗigawa daga aljihu. Ta ware 'yar mitsitsiyar da bakin biro, ta karanta jikin kwalbar, ta yi shiru. Ashe ita ma kwalbar akwai deksa a ciki. Ta ce ciwon nan ya fi kama maza masu shekara talatin zuwa hamsin, masu ɗora wa kai damuwa da rashin barci, kuma babu abin da ke tayar da shi kamar magungunan sitiroid, wato dangin deksa, ko na sha, ko allura, ko na shaƙa, ko mayukan bilicin da ake cusa su a ciki. Abin da ya ɗaure mini kai, ta ce akwai wasu cututtukan koroid ɗin, masu kumburi, da sitiroid ɗin ne maganinsu. A nawa kuwa fetur ne a kan wuta. Daga waje duk ɗaya suke, ido ne ba ya gani sosai, to ta yaya mai kemis zai bambance?

Na ce daga yau na watsar da ƙwayar. Ta ɗaga hannu. Ɗigawar a daina yau, amma ƙwayar, tunda na daɗe a kanta, jikina ya saba har ya rage yin nasa, yankewa lokaci guda na iya kayar da mutum. Ta tura ni wajen wani likita ya riƙa rage mini a hankali, a auna sukari da hawan jini. Idon kuwa babu maganin da ta ba ni. Ta ce yawanci ruwan kan janye da kansa cikin wata uku zuwa huɗu, in ya ƙi akwai aikin haske da ake yi, kuma yakan dawo wa wasu. Daga baya na ji cewa tun 1866 wani likitan ido na Jamus, Albrecht von Graefe, ya bayyana ciwon. Mu kuma muna nan muna zargin maƙwabcin shago.

Da dare ina juya takardar asibitin, idona ya tsaya a kan kalmar nan, koroid. Na san na taɓa ganinta. Maiɗakina na da ciki wata biyar a lokacin, kuma kafin azumi ya ƙare an yi mata hoton ciki a wajen awo, aka ce an ga 'yar jakar ruwa a cikin kan jaririn, a dawo a sake dubawa. Na ɗaga katifa na zaro takardar. Ga kalmar nan, harafi da harafi.

"Malam, lafiya kake haska takarda da tsakar dare?"

"Ba komai, kwanta."

Ban runtsa ba. Na gama yanke wa kaina hukunci cewa ni na sa wa ɗana ciwo tun yana ciki. Mako biyu na ɗauka da wannan a raina, ban gaya wa kowa ba, ga shi an ce in rage damuwa.

Ranar komawa na tafi da takardun biyu na ajiye mata a tebur. Ta karanta, ta yi murmushi.

"Malam, takwarori ne, ba 'yan uwa ba."

Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu kogunan ruwa guda huɗu, a cikinsu akwai wani nama mai kama da geza, shi ma duk ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa masu ba da suna suka haɗa su a kalma ɗaya. Aikinsa tace jini ya fitar da ruwan da ƙwaƙwalwa da laka ke iyo a ciki. A babban mutum yana yin kusan rabin lita a kwana, ledar fiya wata guda ke nan, jiki na shanyewa ana sake wani. Idan ƙari ya fito a wurin, ko hanyar ruwan ta toshe, ruwa na iya taruwa har kan jariri ya yi girma, wannan sai likitocin ƙwaƙwalwa. Amma 'yar jakar da aka gani a hoton ciki daban ce: ana ganinta a ciki ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma yawanci takan ɓace kafin wata na bakwai ya ƙare. Abin da masu awo ke bi su duba shi ne zuciyar yaron da hannayensa da sauran gaɓɓai. In duk lafiya, ita kaɗai ba a cika damuwa da ita ba. Babu ruwanta da idona, babu ruwanta da ƙwayar da na sha. Ta ce dai kada mu fasa komawa awo.

Na fito na zauna a kan dakalin bakin asibitin na daɗe kafin in tari adaidaita.

Ta ba ni wata takarda mai layuka kamar ta littafin lissafi, da ɗigo a tsakiya. Na manna ta a bango saitin keke. Kowace safiya in rufe idon hagu in kalli ɗigon, in ga ko layukan sun fara miƙewa. Mako na shida sun rage ciki, amma ba su miƙe ba. Babbar Sallah kuma ta ƙarato, shadda ta fara shigowa, likita ta ce ƙarfe goma in kasance a kan gado. A ranar ne wani Alhaji da ya fi shekara goma yana ɗinki a wajena ya aiko direbansa da kaya kala goma sha takwas, na shi da na 'ya'yansa, ya ce mako biyu yake so.

Abin da na ce wa direban, da sakamakon hoton ciki na biyu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.