Cizkek ɗin Ista ba tare da kunna obin ba

Cizkek kek ne mai zaƙi da ake yi da kirim-ciz, wato cuku mai laushi, a kan gindi na garin biskit. Wanda ake gasawa ƙwai ne ke riƙe shi, zafi ya dafa ƙwan, ƙwan ya kama sauran haɗin. Wanda ba a gasawa kuwa ba ƙwai, ba fulawa, ba wuta. Abu uku ne ke tsayar da shi har a sa wuƙa a yanka bai baje a faranti ba: maiƙon da ke cikin kirim-ciz da kirim (madara mai maiƙo da ake bugawa ta tashi), sanyin firji, da lokaci. Abin da ke rusa shi kuma ruwa ne. Kusan duk cizkek ɗin da ya ƙi kama jiki, in aka bi diddigi, ko dai maiƙo ne ya yi kaɗan, ko ruwa ya shiga ta wata ƙofa, ko an yi gaggawar fito da shi.

Bikin Ista, a lissafin majami'un Yamma, yana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, lokacin da sanyi ke ja da baya a Turai da Amurka, ana neman kayan zaƙi marar nauyi mai ɗanɗanon lemon tsami ko sitiroberi. Ranar kuma obin yana cike da gashin nama. Shi ya sa wannan kek ya samu karɓuwa: a haɗa shi ranar Asabar, ya kwana a firji, Lahadi sai ado kawai.

Ga gwangwanin kek mai faɗin santimita 20, irin wanda gefensa ke buɗewa da maƙalli, uwargida za ki nemi biskit giram 250 da bota giram 100 don gindi. Don haɗin sama kuma kirim-ciz giram 600, garin sukari na aisin giram 100, kirim na bugawa mililita 300, banila ƙaramin cokali 1, ruwan lemon tsami babban cokali 2, da kankararren ɓawon lemo ɗaya. Wannan zai ba ki yanka 10 zuwa 12.

Kafin a taɓa komai, a tsaya kan kirim-ciz, don a nan ake cin nasara ko a faɗi tun a wajen saye. Wanda ake sayarwa a Amurka a dunƙule cikin takardar azurfa, mai giram 226, doka ta ce maiƙonsa kada ya gaza kashi 33 cikin ɗari, ruwansa kuma kada ya wuce kashi 55. Irinsa ne ya fi tsayawa. Wanda ke zuwa a roba don shafa wa burodi ya fi laushi, kuma a Ingila da yawancin Turai maiƙonsa bai kai na Amurka ba, ko da kuwa sunan kamfani ɗaya ne a jiki, kamar Philadelphia. Turawan Ingila suna cike wannan giɓin ne da kirim ɗinsu mai kauri, wanda maiƙonsa ya kai kashi 48. To in na roba kika samu kuma kirim ɗinki bai kai wannan kaurin ba, ki san cewa za ki buƙaci abin tallafi, zan zo kansa. In kin buɗe robar kin ga ruwa-ruwa a sama, tsiyaye shi, kada ki juya shi ciki. Wanda aka rubuta an rage masa maiƙo kuwa ki bar shi a kanta, inda aka cire maiƙo ruwa aka ƙara.

Haka ma kirim. Ki duba jikin kwali, ki nemi kashi 35 zuwa sama. Wanda bai kai kashi 30 ba, ko ki wuni kina bugawa ba zai tashi ya tsaya ba. In kirim ɗin bugawa na man tsirrai ne a hannunki, yana tsayawa sosai, sai dai yawanci da zaƙinsa yake zuwa, ki rage sukari zuwa giram 60 ki ɗanɗana.

Wani abu da ke rikita masu farawa: kayan biyu ba yanayi ɗaya suke so ba. Kirim-ciz na dunƙule yana so ya huce daga sanyin firji, kamar awa ɗaya a waje, in ana zafi rabin awa ya isa. In kika buga shi da sanyinsa zai yi gudaji, kuma da zarar kirim ya shiga, gudajin nan sun zauna ke nan. Kirim kuwa sai da sanyi ƙarara yake tashi, don ƙwayoyin maiƙonsa sai sun yi tauri suke riƙe iska. Ki bar shi a firji har lokacin bugawa, kwanon ma da kan mikisa ki sa su a firiza minti 10.

Gindin ba wuya. A Amurka da biskit ɗin graham ake yi, a Ingila da daijestib, kowane busasshen biskit marar gishiri sosai zai yi. Ki niƙe shi a bilenda, ko ki zuba a leda mai ƙarfi ki bi ta kai da abin murza fulawa har ya zama gari, ba manyan ɓarɓashi. Narka bota, zuba, juya. Ki damƙi kaɗan a tafin hannu: in ya dunƙule ya tsaya, ya yi, in ya warwatse, ƙara bota babban cokali ɗaya. Shimfiɗa takardar gashi a ƙasan gwangwani, zuba, danna da gindin kofi har ya daidaita. Danna shi ya haɗe dai, ba ki tsaya a kai da ƙarfinki duka ba, don bota in ta yi sanyi tauri take, sai a zo yanka wuƙa ta ƙi shiga. In da biskit mai kirim a tsakiya kika yi, irin Oreo, bota giram 60 ta isa. Sa shi a firji rabin awa.

Yanzu haɗin sama, kuma jerin aikin yana da muhimmanci. Fara buga kirim-ciz shi kaɗai, a hankali, minti ɗaya zuwa biyu, har ya yi sumul. Tankaɗe garin sukari a kai da rariya. Sukari mai tsakuwa ba ya yi a nan, babu zafin da zai narkar da shi, za a ji shi ƙaras-ƙaras a baki. Zuba banila, ruwan lemo da ɓawonsa, ki buga daidai su haɗe, ki kashe mikisa. Kada ki ce bari ki ƙara bugawa ya ƙara laushi. Sukari yana jawo ruwan da ke cikin ciz, bugu kuma yana sassauta jikinsa, in ya yi yawa sai ki ga haɗin ya fara sheƙi yana malala, kuma daga nan ba ya komawa.

A kwano daban ki buga kirim har in kin ɗaga kan mikisa tsinin da ya biyo shi ya tsaya cak bai lanƙwashe ba. Daga lokacin da ya fara kauri ki rage gudu ki zuba ido, don tsakanin ya yi da ya wuce bai fi daƙiƙa 20 ko 30 ba, musamman mai kashi 48. In ya fara yin ƙuraje-ƙuraje yana komawa ruwan ɗorawa, ya kama hanyar zama bota ke nan. Tun bai yi nisa ba, ki zuba ɗanyen kirim mai sanyi babban cokali biyu ki juya da hannu, zai dawo. In har ruwa ya ware gefe, wannan ya tafi, sai sabo.

Ki raba kirim ɗin kashi uku. Kashin farko ki juya shi cikin ciz ba tsoro, aikinsa ya sassauta haɗin. Sauran biyun kuma da cokali mai faɗi, daga ƙasa ki ɗago ki kifa a sama, kina juya kwanon, har farin zane ya ɓace. Sai gwaji: ɗebo cokali guda ki karkata shi. Ya kamata haɗin ya maƙale, sai kin girgiza ya faɗo a dunƙule. In yana zuba da kansa, kada ki yaudari kanki cewa firji zai gyara. Firji yana ƙara wa mai kauri tauri ne, ba ya mai da ruwa abin yanka. Zuba a kan gindi, bi gefe-gefe da cokali don kada a bar ramin iska, daidaita sama, rufe, sa a can cikin firji ba a jikin ƙofa ba. Awa 6 ne mafi ƙaranci, kwana ya fi.

Batun 'ya'yan itace shi ne inda ruwa ya fi samun hanyar shiga. Sitiroberi kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, don haka niƙa shi ɗanye a juye cikin haɗi kuskure ne. Ki dafa giram 300 da sukari giram 50 da ruwan lemo cokali ɗaya a wuta kaɗan, minti 12 zuwa 15, har ruwansa ya ƙone ya koma rabi, ya huce sarai, sannan ki ɗiɗɗiga a sama ki ja da tsinke ya yi zane. Yankakken sitiroberi na ado kuma sai za a kai tebur, in ya kwana a kai zai yi ta tsatsafo da jan ruwa. Lemon tsami ma haka: tsaminsa yana ɗan ƙara wa madara kauri, amma in ya wuce babban cokali biyu ruwansa ya rinjayi amfaninsa. In ƙamshin lemo kike so ya fito, ɓawo za ki ƙara, saman kawai, farin da ke ƙarƙashi ɗaci ne.

Abin tallafin da na ambata iri biyu ne. Na farko jelatin: gari giram 7, a barbaɗa a kan ruwan sanyi babban cokali 3, a bar shi minti 5 zuwa 10 ya jiƙu ya kumbura, a ɗora kwanon a kan ruwan zafi ya narke. Kada ya tafasa, ƙarfinsa raguwa yake. Sannan kada ki juye shi kai tsaye cikin haɗi mai sanyi, nan take zai daskare ya zama zare-zare kamar roba. Ɗebo haɗin ciz cokali biyu ko uku ki dama a cikin jelatin ɗin tukuna, sai ki mayar cikin babban kwano, kafin kirim ya shiga. Jelatin daga fata da ƙashin dabbobi ake yin sa, mafi yawa na alade ko na saniya, akwai kuma na kifi, don haka wanda wannan ya dame shi ya karanta jikin fakiti. A kuma kiyaye ɗanyar abarba, kiwi, gwanda da ɗanyar citta: suna da sinadarin da ke narkar da jelatin ya hana shi kamawa, yana kuma sa kayan madara ɗaci in sun jima tare. Dafa su na kashe wannan sinadarin, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta da matsala.

Akwai agar-agar da ake samu daga ciyawar teku, amma ban cika ba wa mai farawa shawararsa ba. Sai an tafasa shi, kuma yana fara daskarewa tun yana da ɗumi, wajen digiri 40, kafin ki gama juyawa ya yi gudaji. Hanya ta biyu da ta fi sauƙi ita ce farar cakulan giram 200. Narkar da ita a kan tururi, kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki don take za ta dunƙule, ki bari ta huce har ɗuminta ya zama kaɗan, ki zuba cikin ciz. Man koko da ke cikinta yana tauri a firji ya riƙe kek ɗin tsaf. Ki rage sukari zuwa giram 50, tana da zaƙi.

Wanda ba ya son fargabar cire kek daga gwangwani, ya yi a ƙananan kofunan gilashi. Haɗin nan zai cika 12: garin biskit cokali biyu a ƙasa, a danna kaɗan, haɗi a sama, awa 2 a firji. A ganina ga taro mai yara wannan ya fi, tunda ko bai yi tauri sosai ba babu wanda zai sani. A nan ne ma launukan Ista suka fi kyau, ruwan hoda, ɗorawa da shuɗi masu haske. Raba haɗin kwano uku, ki taɓa kalar abinci mai kauri da bakin tsinke, ki juya a hankali. Kalar ruwa sai an zuba da yawa take fitowa, ga shi ruwa muke gudu.

Adon sheƙar tsuntsu da busasshiyar kwakwa ake yi: giram 50 a busasshen kasko, wuta kaɗan, ana juyawa minti 3 zuwa 5 har ta yi ja-ja. Tana saurin ƙonewa, kuma zafin kasko zai ci gaba da soya ta, ki juye a faranti da zarar ta yi. Ƙananan ƙwayayen cakulan masu ɓawon sukari, irin Mini Eggs na Cadbury, sai minti na ƙarshe ake ɗora su, in ba haka ba danshi zai narkar da kalar ta ɓata farin saman. Suna da tauri kuma suna iya shaƙe ƙaramin yaro, kamfanin ma ya rubuta ba na 'yan ƙasa da shekara 4 ba ne, ki daddatsa su in akwai ƙanana. Babban ƙwan cakulan mai rami ma ana raba shi biyu da wuƙa mai ɗumi ta bin layin haɗinsa, a cika kowane ɓari da haɗin ciz, a ɗiga dafaffen mangwaro a tsakiya ya fito kamar gwaiduwa.

Wajen cirewa, tsoma siririyar wuƙa a ruwan zafi, goge, zagaye gefe da ita, sannan ki buɗe maƙalli a hankali. Yanka ma haka, kowane yanka a sake tsomawa a goge. In kin buɗe kin ga tsakiya na rawa, mayar da maƙalli ki sa a firiza awa ɗaya zuwa biyu, a ci shi da sanyinsa; in ya riga ya zube, kwashe da cokali ki jera a kofuna.

Tunda kayan madara ne, kada ya wuce awa 2 a tebur, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Firji ya kasance digiri 4 ko ƙasa, a rufe kek ɗin don yana ɗaukar warin albasa da duk abin da ke kusa, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. In za a ajiye a firiza, a sa shi ba ado, a naɗe da leda ninki biyu, zai kai wata guda. Ranar da za a ci a sauko da shi firji tun daren jiya ya saki a hankali, in a waje aka bar shi ya narke gefe zai yi ruwa tsakiya na nan da ƙanƙara.