Ragowar kwalba a garin Bon

Jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya ɗauke ni daga tashar Gare de Lyon ta Paris, awa biyu ba ta cika ba muka sauka a Dijon. Daga nan na hau ƙaramin jirgi zuwa Beaune, garin da masu shi ke kira Bon. Watan Nuwamba ne, sanyi har cikin ƙashi, an gama girbin inabi, sai ganye ke ta zuba a gonaki. Mutanen wannan yanki na Faransa, wato Burgundi, ba su da hirar da ta wuce inabi. A 2015 ma UNESCO ta sa gonakinsu cikin kayan tarihi na duniya.

Na leƙa tsohon asibitin da Nicolas Rolin, wazirin mai mulkin Burgundi a wancan zamani, ya kafa a 1443 don talakawa, rufinsa kamar faifai mai ado. Amma abin da ya zauna mini a rai a kicin na gan shi, gidan wata tsohuwa inda na kama ɗaki na kwana huɗu.

Baƙinta sun ci abincin dare, suka bar rabin kwalbar jar giyar inabi. Da safe na tambaye ta ko zubarwa za ta yi. Kallon da ta yi mini, sai ka ce na ce ta zubar da man shanu. Ta ce in an buɗe kwalba, bayan 'yan kwanaki iska na ɓata ta ga mashayi, amma tukunya ba ruwanta. In kaɗan ce, takan zuba a farantin ƙanƙara ta daskarar; ranar da ta soya nama sai ta jefa ƙwaya biyu a kasko su kankare ƙanzon da ya kama. In da yawa ce, naman sa mai tauri take jiƙawa a ciki ya kwana da karas da albasa da ganyen ƙamshi, washegari ya sha wuta a hankali kusan awa uku. Shi ne boeuf bourguignon da suke alfahari da shi. Romon da ya rage kuma a dafa ƙwai a ciki.

Ƙamshi ya cika gidan, ba zan ɓoye ba. Da ta ɗauko faranti na ce, "Madam, ki yi haƙuri, ba na ci."

"Haba ɗana, ai wuta ta cinye giyar!"

Kowa haka yake faɗa, amma ba haka abin yake ba. Gwajin da aka yi a Amurka ya nuna bayan minti 15 a wuta kashi 40 cikin 100 na sinadarin maye na nan, ko an kai awa biyu da rabi kashi 5 kan saura. Ballantana ga guntayen naman alade da ake soyawa a zuba. Ba ta ji haushi ba, ta dai ɗaga kafaɗa.

Ta nuna mini wani tulun yumɓu mai famfon katako, inda take juye ɗigon ƙarshe na kowace kwalba. A ciki akwai wani abu mai yauƙi da suke kira uwa, shi ke mayar da giyar ruwan khal bayan makonni. Sunan khal a Faransanci ma, vinaigre, ma'anarsa giya mai tsami.

Ranar da zan tafi na tuna da ƙullin zoɓo da Inna ta cusa mini a jaka tun daga Damagaram. Muka tafasa shi ba sukari, na sayo naman halal, muka dafa da shi kamar yadda take yi. Ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ce launin ya yi, tsamin ya yi yawa, da na ƙara albasa. Sannan ta karɓe ragowar zoɓon ta zuba a kwalba, ta ajiye kusa da tulun khal.