Sarauniyar da ta zo da tambaya

A zango na biyu na makarantar Littafi Mai Tsarki ta yamma, wadda nake zuwa bayan na rufe shago, malaminmu na Tsohon Alkawari ya raba mana aikin gida. Kowa zai ɗauki baƙo ɗaya da ya shigo tarihin Isra'ila daga waje, ya yi rubutu a kansa. Wata ta sami Rut, wani ya sami Na'aman, ni kuma Sarauniyar Sheba ce ta faɗo hannuna. Na ji daɗi, don a ganina babu abin da ban sani ba game da ita. A dare ɗaya na cika shafi huɗu. Na rubuta cewa ta ji labarin Sulemanu, ta zo, ya aure ta, ta haifa masa ɗa, ta koma ta juyo da ƙasarta ga Ubangiji. Na rufe da darasin da na sha ji a taron godiya, wato ba a zuwa gaban bawan Allah hannu rabbana.

Da takardar ta dawo, babu maki a kanta. Jan biro ne kawai a gefen kowane sakin layi, da kalmomi biyu: "Wace aya?" Na ƙirga, sau bakwai. Bayan an tashi na same shi, ya ce, "Mama, ki koma ki karanta ayoyin nan goma sha uku a hankali, kamar yau kika fara jin sunanta."

Labarin duka yana cikin 1 Sarakuna 10:1-13, an kuma maimaita shi a 2 Tarihi 9:1-12. Na zauna da fitila na bi shi layi layi. Babu aure, babu ɗa, ko sunanta ma ba a faɗa ba. Sai na fara tambayar kaina inda na kwaso sauran. Sunan Bilkisu da labarin alhudahuda da ya kai wasiƙa, da daɓen gilashi da ta ɗauka ruwa ne, a gidan maƙwabtanmu Musulmi na ji su ina yarinya, a bakin kakarsu. Labarin yana cikin Suratun Namli, ko da yake shi kansa sunan Bilkisu daga malaman tafsiri ya zo. Zancen ɗa kuwa na Habasha ne. Su Makeda suke kiranta, littafinsu Kebra Nagast na ƙarni na 14 ya ce ta haifi Menelik, kuma sarakunansu sun riƙa jingina asalinsu gare shi har aka sauke Haile Selassie a 1974. Ban raina ko ɗaya cikin waɗannan ba, kowanne yana da gidansa da masu riƙe da shi. Kuskurena shi ne na zuba su a tukunya ɗaya, na ɗauko na ce Littafi Mai Tsarki ne ya faɗa, kuma shekara da shekaru haka nake koya wa yara a makarantar Lahadi.

Da na kawar da abin da babu, sai abin da yake akwai ya fito fili. Aya ta farko ta faɗi dalilin tafiyar: ta zo ta gwada shi da tambayoyi masu wuya. Malam ya nuna mana cewa kalmar Ibrananci da ke wurin, hidot, ita ce aka yi amfani da ita ga kacici-kacicin Samson a Littafin Mahukunta sura 14. Raƙuma da zinariya da kayan ƙanshi rakiya suka yi. Ainihin kayan da ta ɗauko suna cikin zuciyarta, shi ya sa aya ta biyu ta ce da ta isa sai ta faɗa masa duk abin da ke ranta.

Nisan tafiyar ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Yawancin masana suna ganin Sheba ita ce daular Saba da ke Yaman ta yau, mai babban birni a Marib, ƙasar da ta yi arziki da cinikin lubban da mur. Daga can zuwa Urushalima ya haura kilomita 2,000, kusan a je Legas daga Kano a dawo, a kan raƙumi, cikin hamada. Kuma ba mabukaciya ba ce. Zinariyar da ta bayar talanti 120 ce, wajen tan huɗu ke nan. Na yarda akwai maganar ciniki a tafiyar, tun da jiragen Sulemanu da na Hiram, sarkin Taya, sun fara ratsa Bahar Maliya, kuma duk mai mulkin da ke cin abinci da hanyar fatake dole hankalinsa ya tashi. Ni 'yar kasuwa ce, na san wannan. Amma ciniki ana iya tura wakili ya ƙulla. Wannan mata da ƙafarta ta zo, don abin da take so ta sani ba a aika a jiyo shi.

Ba kunne kaɗai ta kawo ba, ta zo da ido. Ta duba gidan da ya gina, abincin da ke teburinsa, yadda fadawa ke zama, yadda barori ke hidima, tufafinsu, masu ba shi sha, da hadayun da yake miƙawa a Haikali. Duk macen da ta taɓa riƙe gida ta san a irin waɗannan wurare ake gane gaskiyar mutum, don baki yana iya tsara zance, amma fuskar mai aiki ba ta iya ɓoye yadda ake riƙe shi. Sai da ta gama dubawa sannan ta ce ba ta gaskata ba sai da ta zo idonta ya gani, ashe ko rabi ba a faɗa mata ba. Gani ya kori ji. Abin da ya taɓa ni shi ne ta furta rashin gaskatawarta a gaban sarki, kuma babu inda nassin ya zarge ta a kan haka.

Sai malam ya mayar da mu baya zuwa sura 8, ayoyi 41 zuwa 43. Ranar keɓe Haikali, Sulemanu ya yi addu'a domin baƙon da ba na Isra'ila ba, wanda zai taso daga ƙasa mai nisa saboda sunan Ubangiji, ya roƙa Allah ya ji shi daga sama. Surori biyu bayan haka, ga mace daga ƙasa mai nisa, an kuma ce ta ji labarin Sulemanu game da sunan Ubangiji. Tsigar jikina ta tashi a ajin nan. Amsar addu'ar sarki ta iso a kan raƙumi, mace ce, baƙuwa ce, bakinta cike da tambayoyi.

Ko ta tuba ta bar allolin ƙasarta? A takardata ta farko na ce ta tuba. A ta biyu na rubuta abin da ke nan kawai: ta ce yabo ya tabbata ga Ubangiji "Allahnka", ta karɓi abin da sarki ya ba ta, ta juya ta koma ƙasarta. Nassin ya yi shiru daga nan, ni ma na koyi yin shiru a inda ya yi. Amma kafin ta tafi ta faɗi wata magana da nake gani ta fi zinariyarta nauyi. Ta ce Allah ya naɗa shi sarki ne domin ya yi shari'ar gaskiya da adalci. Baƙuwa ce take tuna wa sarkin Isra'ila dalilin sarautarsa. Kuma wanda ya ci gaba da karatu zai ga yadda maganar ta zama kamar gargaɗi: zinariya talanti 666 a shekara, dawakai daga Masar, sai sura 11 da mata 700 da ƙwaraƙwarai 300 da suka karkatar da zuciyarsa, abubuwa ukun da Maimaitawar Shari'a 17 ta hana sarki tarawa. A sura 12 kuwa talakawa suna kuka wa Rehobowam cewa mahaifinsa ya ɗora musu karkiya mai nauyi. Ita daga nesa ta taho neman hikima, shi da hikimar ke cikin gidansa ya sake ta.

Yesu bai manta da ita ba. A Matiyu 12:42 da Luka 11:31, yana magana da masu neman ya nuna musu alama, ya ce Sarauniyar Kudu za ta tashi a ranar shari'a ta kā da mutanen zamanin, gama ta zo daga bangon duniya don ta ji hikimar Sulemanu, ga kuwa wanda ya fi Sulemanu a nan. Su ma tambaya suke yi, amma irin ta tarko, wadda mai ita ya riga ya yanke hukunci. Tata tambayar ta mai shirin a canza shi ce.

A nan ne karatun ya daina zama aikin gida, ya koma kaina. Watanni kafin wannan, ina koyar da 'yan mata a makarantar Lahadi, wata yarinya 'yar shekara goma sha uku ta ɗaga hannu ta ce, "Mama, in Allah ne ya ba Sulemanu hikima fiye da kowa, me ya sa ya ƙare da bin gumaka?" Ba ni da amsa, ga sauran yara sun zuba mini ido. Na ce, "Ke, ba a yi wa Allah irin wannan tambaya." Ta sauke hannunta a hankali, ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin ɗankwalinta. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba, ta koma zama a bencin baya. Mu da muke cewa matambayi ba ya ɓata, da bakina na rufe wa yarinya hanya, don kawai in kare girmana.

Ranar Asabar ɗin da na miƙa takarda ta biyu, na bi ta gidansu. Na tarar da ita tana wanke-wanke a tsakar gida. Na gaisa da mahaifiyarta, na roƙa ta ara mini ita na ɗan lokaci. Muka zauna a tabarma, na ce, "'Yata, tambayar da kika yi mini rannan tambaya ce mai kyau, ni ce ban kyauta ba." Ta dube ni ba ta ce komai ba. Na buɗe 1 Sarakuna, na ce ta karanta mana sura 10 da 11 da ƙarfi. Da ta kai inda aka ce zuciyarsa ta karkata sa'ad da ya tsufa, sai ta ɗora yatsa a kan ayar ta tsaya.

"Mama, ke nan hikimar ba ta hana mutum?"

Na ce mu ci gaba da karantawa mu gani. Ta goge hannunta a zani, ta gyara zama, ta jawo littafin kusa da ita.