Da Iyali a Bakin Tekun Lome

Tekun Lome, babban birnin Togo, na kallo ne, ba na wanka ba, kuma duk wanda zai kai iyalinsa can ya fara da sanin wannan kafin ya tambayi kuɗin ɗaki. Rairayin yana da faɗi, iska na kaɗa bishiyoyin kwakwa, amma ƙasan tana gangarawa da sauri da zarar an taka ruwa, kuma igiyar da ta daki gaɓa takan koma da ƙarfin da zai zare yashi daga ƙarƙashin ƙafar babba, balle yaro. 'Yan garin kansu sun fi zama a kan yashi su sha iska. Da na yanke shawarar kai matata da yara da Hajiya mahaifiyata hutu can, tambayar da na riƙa yi wa kowane mai masauki ita ce: idan na juya baya, ƙaramin ɗana zai iya isa ruwa shi kaɗai?

Na san garin ta hanyar kasuwanci, to amma ɗan kasuwa ko ina ya samu katifa da fanka ya kwana. Da iyali lissafin daban ne. Masaukan bakin teku a Lome sun rabu gida biyu, kuma tashar jiragen ruwa ce ta raba su. Tun da aka buɗe tashar a 1968, katangar duwatsun da ta shiga cikin teku take tare yashin da ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas. Shi ya sa rairayin cikin gari, daga iyakar Gana zuwa tashar, ya yi ta faɗaɗa, gabas kuwa, wajen Baguida da Avepozo, teku ya yi ta cin ƙasa har ya haɗiye tsohuwar hanyar Aneho. A cikin gari akwai babban titi, Boulevard du Mono, tsakanin yawancin otal-otal da yashi, ke nan duk fitar da za a yi sai an tsallaka da yara ta gaban motoci da babura. Ranar Lahadi kuma gari kaf yana zubowa bakin ruwa, rumfunan shan giya su saki kiɗa har dare ya raba. Ga mai tsohuwa da ke tashi sallar dare, wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai na karkata gabas. A can ne ake samun ƙananan masaukai da ke kan yashi kai tsaye, kuma a can ne aka fi buƙatar buɗe ido. Hoto a intanet ba ya nuna ko akwai shinge. Wani wuri da na duba, daga ƙofar ɗaki zuwa inda igiya ke fashewa babu komai sai yashi da kujeru, mai wurin ma da shi yake alfahari. Na yi masa godiya na fita. Wanda muka kama yana da katanga da ƙofa ɗaya mai sakata a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa, da maigadi da ke zaune a gefenta. Akwai ɗan wurin ninkaya a tsakar gida mai ɓangare marar zurfi, a nan yara suka kashe ƙishirwarsu ta ruwa. A wasu sassan wannan gaɓar, zaizayar ta tono wani shimfiɗaɗɗen dutse da ke karya ƙarfin igiya, sai ruwa ya ɗan kwanta a bayansa. Ko a nan ban bar su sun shiga ba sai ina tsaye a ciki, bayan na tambayi masuntan wurin yanayin ruwan na ranar.

Abu na biyu da na nace a kai shi ne kicin. A kudancin Togo naman alade ba baƙo ba ne a gidajen abinci, kuma ba kowane mai dafuwa ne ke raba tukunya ba. Ɗaki biyu da falo da ɗan wurin girki ya fi mana sauƙi, ya kuma fi araha a kan ɗakunan otal uku da cin abinci a waje safe da dare. Matata ta zo da yajinta da daddawa da kuka, kifi kuwa ga shi a bakin ƙofa. Kafin in biya, na kunna na'urar sanyaya ɗaki na jira ta yi sanyi, na murɗa famfo, na gwada makullai, domin iskar gishiri tana cin ƙarfe, abin da ya yi kyau a hoton bara yana iya zama tsatsa bana. Na tambaya ko akwai janareta da gidan sauro. Soket ɗinsu mai rami biyu ne irin na Faransa, filoginmu na Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga, don haka a zo da abin haɗawa. Buta da darduma ma daga gida muka taho da su. Alƙibla kuwa kusan gabas take, da ɗan karkata zuwa arewa, mai fuskantarta teku na hannun damansa.

Da asuba masunta ke jan taru, kuma na fi son wannan a kan komai na tafiyar. Kwale-kwale ya riga ya zagaya da ragar cikin ruwa, sai maza su jeru a kan igiya biyu masu nisa da juna, suna ja da baya taki ɗaya, suna waƙa da yaren Ewe. Wanda ya kai ƙarshen layi sai ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Ana daɗewa ana wannan kafin jakar ragar ta fito, mata kuma na tsaye da manyan kwanoni suna jira. Babban ɗana ya kama igiya, wani dattijo ya gyara masa riƙo don kada ta goge masa tafin hannu. Hajiya na zaune a kan tabarma da carbinta, ta ce mini, "Kai, jawo shi baya, ya yi kusa da ruwa." Na ce, "Hajiya, ina riƙe da rigarsa." A nan muka sayi kifin da muka ci da rana, yana motsi.

Zaman gabas yana da farashinsa, wato zirga-zirga. Duk shiga gari sai an ratsa ta shataletalen tashar jiragen ruwa, inda tireloli masu zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali ke jerin gwano. Da safe da yamma ana daɗewa a wurin, da tsakar rana ma hanya kan cika saboda ma'aikata da yawa gida suke komawa cin abinci. Sai muka riƙa fita bayan cunkoson safe ya lafa, mu dawo kafin la'asar sakaliya.

Abin hawan da ya mamaye Lome shi ne acaɓa, wanda suke kira zemijan. Ni kaɗai nakan hau, da hular kwano, bayan mun gama ciniki. Yara da tsohuwa kuwa ban yarda ba, ba a kan titin da tirela ke gogar kafaɗar mai babur ba. Akwai tasi na haɗaka da ke bin manyan hanyoyi, akwai motocin bas na SOTRAL, amma dukansu sai wanda ya san gari kuma ba ya ɗauke da jaka da goyo. Manhajar Gozem, wadda ta fara aiki a Lome a 2018, ta taimaka mana a cikin gari domin tana nuna kuɗi tun kafin a hau, ba sai an yi ciniki da Faransancin da ba mu iya ba. Daga Avepozo da dare kuwa jira kan yi tsawo. Abin da ya warware mana shi ne direba ɗaya da muka yi jinga da shi ta wuni, Bahaushen Zango da wani abokin ciniki ya haɗa mu. Mun yi magana a fili tun farko: kuɗin wuni nawa, mai a kan wa, ƙarfe nawa aikin ke ƙarewa. A riƙe ƙananan kuɗin sefa a aljihu, canjin takardar dubu goma wahala ne da shi.

Direban nan ne ya kai mu Zango ranar Juma'a. Tsohon Zangon yana tsakiyar gari ne har 1977, lokacin da gwamnati ta tashe shi aka mayar da mutanensa arewacin birni, wajen Agoe. Daga bakin teku tafiya ce mai ɗan nisa, amma Hajiya ba ta sake ba sai da ta ji Hausa ta ko'ina, ta sayi goro, aka yi mata sannu da zuwa kamar an san ta. A can muka sayi naman da muka tabbatar da yankansa, muka cika firij. Direban ya ce mini, "Alhaji, da a nan kuka sauka da kun huta da wahalar nama." Gaskiyarsa, sai dai yaran da suka taso a Kano teku suka zo gani.

A cikin gari wuri biyu suka karɓi yara. Palais de Lomé, tsohon gidan gwamnan Jamus da aka gyara aka buɗe wa jama'a a 2019, yana da babban lambu mai inuwa inda suka yi ta gudu ba fargabar mota. Sai babbar kasuwar Asigame, inda matata da Hajiya suka nutse cikin rumfunan atamfa, ni kuma na tsaya a gefe riƙe da hannun yara biyu, don matsatsin wurin ba na sakaci ba ne. Ranar da suka matsa sai sun shiga kwale-kwale, Agbodrafo muka nufa, kimanin kilomita 30 gabas da Lome, inda Tafkin Togo yake kwance ba igiya. Na sa mai jirgin ya nuna mini rigunan kariya daidai jikin yara kafin kowa ya taka ciki.

Mun je ne a hutun Disamba, lokacin da babu ruwan sama kuma ɗan hunturu na saukowa har gaɓa. Daga Afrilu zuwa Yuli damina ce, ƙananan hanyoyin yashi da ke shiga masaukan Baguida kan cika da ruwa. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma kowane yaro ya zo da fasfonsa da katin rigakafin shawara, domin ana tambayarsa a Seme, iyakar Najeriya da Benin, da kuma iyakar Benin da Togo idan ta mota aka biyo.