Na je Panteka sayen injin niƙa, na dawo da maganar jiragen yaƙi

Shekaranjiya na dawo daga Kaduna, kuma har yanzu ƙarar wani ɗan jirgi da na ji a unguwar Mando tana kunnena. Abin da ya kai ni ba wani babba ba ne: injin niƙan mahaifiyata ya gaji, aka ce in je Panteka, kasuwar maƙera, in sayo sabo.

Daga Gusau zuwa Funtuwa ba mai hira a mota, kowa da carbinsa, sai da muka wuce Tsafe da nisa aka fara sakin jiki. A wani shinge bayan Zariya wani mai kaki ya sauke mu duka, ya zazzage jakar wani dattijo a ƙasa yana ce masa "kai tsoho". A gida ko ɗan tasha ba zai kira mai furfura haka ba. Mu muka taya shi kwashe kayansa.

Kawuna a Mando yake, tsohon bakaniken jirgi ne a rundunar sojin sama, ya yi ritaya. Ɗakinsa ya bar mini ya koma falo, na yi na yi ya ƙi. Da safe muna shan koko sai ga wani ƙaramin jirgi yana ta kewaya unguwar. Na miƙe na leƙa, amma yaran da ke wasa a ƙofar gida ko ɗaga kai ba su yi ba. Mu a Zamfara in aka ji jirgi kowa sama yake kallo, yana murna yana fargaba.

"Zauna ɗana, ɗalibai ne ke koyon tuƙi," in ji Kawu. "Super Mushshak ke nan, guda goma aka sayo daga Pakistan. Da kuwa da namu muke koyar da su."

Na ce, "Kawu, namu na Najeriya?"

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wani tsohon hoto, yana tsaye da kayan aiki kusa da wani ɗan jirgi mai kujera biyu. Air Beetle sunansa. A nan Kaduna aka harhaɗa su, guda 60, bisa tsarin wani jirgin Amurka, kuma da su aka yaye matuƙa masu yawa a shekarun 1990. Wallahi ban taɓa jin labarin ba sai ranar.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma, maƙwabcinsa wani Alhaji ya zo, aka ɗora shayi, musu ya kaure a kan ko Najeriya ta ƙera jiragen yaƙinta ko ta ci gaba da saye. Alhaji ya ce wanda gobara ta kama ba ya tsayawa haƙa rijiya. A sayo kawai daga duk mai sayarwa. Ni ma nan na tsaya, na faɗa musu ƙauyen kakannina ya watse, mutanenmu ba su da shekara ashirin da za su jira injiniyoyi.

Kawu ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To ɗana, saye ma ai jira ne." Ya kawo misalin jiragen yaƙi Super Tucano guda 12 da aka biya kusan dala miliyan 500. Amurka ta dakatar da cinikin bayan bam ɗin da jirgin sojin samanmu ya jefa bisa kuskure kan 'yan gudun hijira a Rann ta jihar Borno a Janairun 2017, daga baya gwamnatin Trump ta amince, amma shida na farko ba su sauka ba sai Yulin 2021. Kafin nan, a 2014, an hana mu jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra lokacin da Boko Haram ke cin garuruwa. Sai ya zo kan wanda ya fi ci masa rai, Jaguar guda 18 da aka sayo daga Ingila a 1984, ba su cika shekara goma suna tashi ba aka jingine su a Makurɗi. Ya ce jirgi ba ya mutuwa gaba ɗaya, ɗan ƙarfe guda ne ke lalacewa, in ba ka iya yinsa ba kuma mai shi ya ƙi aiko maka, shi ke nan ka sayi inuwar tsuntsaye.

Alhaji bai saduda ba. Ya ce da wane ƙarfen za a ƙera, masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da har yau ba ta kammala ba? Da wace wutar? Shi kansa Air Beetle ai injinsa na Amurka ne. Kawu ya amsa cewa gaskiya ne, amma kowa da haka ya fara. Kamfanin Embraer na Burazil, mai asalin Tucano ɗin, an kafa shi a 1969, DICON, masana'antar makamanmu ta Kakuri a nan Kaduna, kuwa tun 1964 take. Pakistan da Sin ta haɗa kai ta yi jirgin yaƙi JF-17, ga shi mun sayi uku a hannunta. Ɗan Kawu da ke karatu a AFIT, makarantar fasaha ta sojin sama, ya sa baki, ya ce injiniyoyin sojin sama sun yi jirage marasa matuƙi, Gulma a makarantarsu a 2013, sai Tsaigumi da Buhari ya ƙaddamar a 2018. Na ji daɗin sunayen nan har raina. Alhaji ya tambaye shi guda nawa ke shawagi a dajin Birnin Gwari, yaron ya sunkuyar da kai.

Ban bar ra'ayina ba, a sayo, domin rai ake ceto. Sai dai yanzu ina ganin duk kwangilar da za a sa wa hannu nan gaba, irin ta jiragen M-346 guda 24 na Italiya da ta masu saukar ungulu T129 na Turkiyya da aka riga aka ƙulla, a rubuta a ciki cewa a nan za a riƙa gyara, a koya wa yaranmu yin ƙananan kayan. Jirage daga ƙasashe barkatai, kowanne da nasa kayan gyaran da nasa horon, nauyi ne da bakanike kaɗai ya san shi.

Washegari na shiga tsohuwar Panteka. Ƙarar guduma da tartsatsin walda ta ko'ina, ba abin da ba a ƙerawa: injin ɓarar masara, na matsar gyaɗa, tukwane, ƙofofi. Maƙerin da na samu ya faɗi kuɗin da ya sa na juya, ya kira ni ya ce, "Baƙo ne kai, daga ina?" Da ya ji Gusau ya yi mini jaje, ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya ƙara mini bel kyauta. Duk da haka ya fi kuɗin da na yi tsammani, kuma 'yan Keken Kaduna sun fi namu tsada nesa ba kusa ba, ga rashin haƙuri. Na tambaye shi me ya yi da hannunsa a jikin injin. Ya ce moton ɗan Sin ne, sauran duk nasa ne, kuma duk abin da ya karye in aiko masa hotonsa ta WhatsApp, kwana biyu ya sa a mota. Na tuna Jaguar ɗin Kawu.

Da yamma ɗan Kawu ya zaga da ni Kakuri. Mun wuce ƙofar DICON, mun wuce masaƙun da suka rufe, ciyawa ta cinye harabarsu. Ban sauka ba.

Da asuba Kawu ya raka ni tashar Kawo, ya biya kuɗin ɗaukar injin ban sani ba. Mun iso Gusau da la'asar lafiya.

Jiya ana cikin ɗaura injin a ƙofar gida sai ga jirgi ya bi ta kanmu ya nufi yamma. Na kira Kawu na ɗaga wayar sama don ya ji. Ya saurara, ya ce da wannan ƙarar farfelar ya fi zaton Tucano ne, sannan ya tambaya ko bel ɗin ya zauna daidai.