"Da sauƙi Alhamdulillah" ɗin da ta ja wa ƙanina sifili

Ranar da wasiƙar hukuncin tallafin gwamnati da muka nema wa ƙanina ta iso ni na buɗe ta, dan shi ya daina buɗe wasiƙu tun bara, tara su yake a bayan ƙofa. Maki sifili aka bashi. Mutumin da sai na tsaya a kanshi yake wanka, wanda zai wuni bai sa komai a bakinshi ba in ban kira na ce ka ci abinci ba, wanda rabonshi da hawa bas shi kaɗai har na manta, wai babu inda yake buƙatar taimako.

Ƙanina ne, muna zaune a Birmingham, ciwon damuwa da fargaba yake fama dasu. Tallafin da muka nema shine wanda ake kira PIP a nan Ingila, wanda aka fara a 2013, ana ba wanda ciwo ya hana shi tafiyar da rayuwarshi ta yau da kullum, ko na jiki ne ko na ƙwaƙwalwa, kuma ba ruwansu da kana aiki ko kana da ajiya. Da maki ake yi, akwai abubuwa 10 na zaman gida kamar girki, cin abinci, shan magani, wanka, sa kaya, mu'amala da mutane ido da ido, lissafin kuɗi, sai guda 2 na fita waje. Kowane ɓangare daban ake ƙirga makinshi, maki 8 ke kai mutum ƙaramin matakin tallafin, 12 babba. Amma fa wanda bizarshi ta hana shi taɓa kuɗin gwamnati kar ya cike fom ɗin nan sai ya nemi shawara tukun, shi ƙanina zamanshi na dindindin ne shi yasa.

Da na karanta rahoton hirar tantancewar da aka yi dashi ta waya sai jikina yai sanyi, dan na gane bakinshi a ciki. Ya jiki? Da sauƙi. Kana iya dafa abinci? Eh ina iyawa. Kana fita? Ina fita. Kuma ba ƙarya yai niyya ba wallahi, haka aka tarbiyyantar damu, ko kana kwance rai a hannun Allah aka ce ya jiki da sauƙi zaka ce, balle namiji ya buɗe baki ya gaya wa baƙuwar murya cewa kwana biyar bai yi wanka ba. Na ce mishi haba ƙanina ya zaka ce kana fita, ya sunkuyar da kai ya ce "Yaya ai na fita ranar da kika kai ni asibiti."

Muka nemi a sake duba hukuncin, wata 1 ake bayarwa daga ranar da ke jikin wasiƙar, aka dawo mana da amsa iri ɗaya. Saura tiribunal kenan, kotu ce mai zaman kanta, shi ma wata 1 ne, fom ɗin SSCS1 ake cikewa ko a yi ta intanet kuma ba'a biyan ko sisi. Mutum uku ne ke zama, alƙali da likita da wani wanda ya san harkar nakasa.

Toh a nan ne maganar takardar likita ta shigo, kuma nan na fi shan wahala. Na fara zuwa wajen likitan unguwa, GP, na biya kuɗi dan irin wannan wasiƙar bata cikin aikin da ake yi kyauta, aka bani layi huɗu: sunan ciwon, sunan maganin, tun yaushe yake sha. Duk gaskiya ne amma ba abinda zai mana, dan babu wanda yai musun cewa bashi da lafiya tun farko. Kuma laifina ne, wasiƙa kawai na ce a bani ban faɗi me nakeso ta ƙunsa ba. Wata ma'aikaciya a Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba mutane shawara kyauta, ce ta warware min, ta ce sunan ciwo baya kawo maki, abinda ciwon ya hana shi yi ake dubawa. Kuma a doka ba'a cewa mutum "yana iyawa" sai in zai yi abin ba tare da haɗari ba, ya yi shi yadda ya kamata, ya iya maimaitawa duk sanda ake buƙata, kuma kar ya ɗau fiye da ninki biyu na lokacin da mai lafiya zai ɗauka, sannan ana duba yadda yake a fiye da rabin kwanaki ne ba ranar da ya tashi da ƙarfi ba. Ko tunatarwa kaɗai tana da maki, wanda sai an tuna mishi zai yi girki maki 2 ne, wanka ma haka.

Sai na canza hanya. Na nemi kwafin fayil ɗinshi na asibiti gaba ɗaya da sa hannunshi, wannan kyauta ne kuma cikin wata 1 ya kamata a bayar. Na sayi ɗan littafi na yi sati uku ina rubuta komai, ƙarfe nawa ya tashi, ya ci ko bai ci ba, sau nawa na kira kafin ya sha magani, ranar da muka kai bakin tasha ya fara rawar jiki da gumi muka juyo gida. Rubutun nan ya sa ni kuka ba sau ɗaya ba, dan kullum ina gani amma ban taɓa jera shi a takarda ba.

Da littafin da jerin abubuwa 12 ɗin muka je wajen nas ɗin ƙwaƙwalwa da ke ganinshi tun farkon ciwon, dan ita ta sanshi fiye da kowane babban likita da zai ganshi na minti ashirin. Kafin mu shiga na roƙe shi, na ce dan Allah yau kar ka ce da sauƙi, faɗar ciwo ga mai magani ba rashin godiyar Allah bane. Ya daɗe shiru a gabanta, sannan ya fara magana, har abinda ni kaina ban sani ba ya faɗa.

Shafi biyu ta rubuta, ta bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya, abinda ta gani da idonta daban, abinda muka faɗa mata daban, bata ƙara gishiri ba kuma ni ma ban so ta ƙara ba. Abu ɗaya na tuna mata, ta rubuta cewa haka yanayinshi yake tun lokacin da aka yanke hukuncin farko, dan tiribunal halin da mutum ke ciki a wancan ranar take dubawa, in ciwon ya ƙaru daga baya wannan wata magana ce daban.

Mun tura komai, yanzu ranar zama muke jira. Mun zaɓi ya bayyana da kanshi maimakon a yanke a kan takardu kawai, kuma an yarda in raka shi in zauna kusa dashi. Umma ta kira daga Kano jiya tana tambayar jikinshi, ina jinshi daga kicin ya ce mata "Umma yau dai ba daɗi, ki sa ni a addu'a."